Yadda ake binciken lafiya, damuwa da asalin mutum a ƙasar Maraɗi

Ka tambayi mace ko tana da damuwa alhali mijinta na tsaye a bakin zaure, surukarta kuma na zaune kan tabarma tana sussukar gero, amsar da za ka samu ita ce "lahiya lau, sai godiya". Ka rubuta sifiri, ka wuce gida na gaba. Wata guda sai ga ka da takardu 400 cike da sifiri, ka kai jami'a ka ce matan karkara ba su san damuwa ba. Lissafinka babu kuskure, amma abin da ka auna kunya ce.

Igiyar awon damtsen yaro ba ta jin nauyin kowa: ƙasa da milimita 115 ja ne, wato tamowa mai tsanani, ko wa ya auna. Damuwa da ƙyama da matsayin mutum a cikin jama'arsa kuwa daga baki ake jin su, baki kuma yana duba mai tambaya, da kalmar da ya zo da ita, da wanda ke saurare. Shi ya sa rabin wannan aiki yake ƙarewa tun ba a cika takarda ta farko ba. Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko ma'aikaciyar wata ƙungiya, na son sanin yawan damuwa a wurin uwayen yara masu tamowa, da ko tsoron bakin mutane na sa su jinkirta kai yaro gidan likita.

Matse tambayar tukuna

Tambayar da za ta aikatu tana da mutane, da wuri, da lokaci, da abu ɗaya da za a auna. Alal misali: cikin uwayen yara ƴan wata 6 zuwa 59 a yankin CSI biyu (CSI, gidan likita na karkara) na gundumar Madarumfa, kashi nawa ke da alamun damuwa, kuma ko adadin ya bambanta tsakanin mai yaro mai tamowa da mai yaro lafiyayye? Duk abin da ba ya taimaka wa wannan amsa, a cire shi daga takardar tambayoyi. Hirar da ta wuce minti 45 mace za ta fara amsa ta da "e, e" don ta koma kan tukunyarta.

Ƙasar nan ba sabuwa ba ce ga masu bincike. Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF, na da cibiya a Maraɗi tun 2009, kuma a Madarumfa aka yi gwajin amoksisilin ga yara masu tamowa da aka buga a 2016, da na rigakafin rotabairus da aka buga a 2017. Wannan yana da tasiri a kanka: garuruwa da yawa sun saba mai bincike ya zo da magani, za su zaci kai ma haka. Ta ɓangaren zamantakewa akwai aikin Jacqueline Nicolas kan bori a kwarin Maraɗi, da na Claude Raynaut kan noma da tattalin gida, da littafin Barbara Cooper na 1997 kan aure a Maraɗi, da rahotannin cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL da ke Yamai kan yadda ake mu'amala tsakanin marasa lafiya da ma'aikatan asibiti. Karanta su na hana ka tambayar abin da aka daɗe da sani.

Kalmomi, inda mafi yawan bincike ke karyewa

Kafin ka taɓa ma'aunin da aka tsara a waje, ka zauna da mutum 20 zuwa 30, ɗaya bayan ɗaya: ungozoma, boka, malamin rubutu, ƴar bori, manjon CSI, uwaye, kakanni. Tambayar guda ce: "Mace jikinta lau, babu masassara, amma ba ta cikin daidai, mi ake cewa ya same ta?" Ka rubuta kalmomin yadda suka fito, da jerin fitowarsu, domin abin da ya riga zuwa baki shi ya fi zama a ran mutane. Za ka ji ɓacin rai, yawan tunani, faɗuwar gaba, mutuwar jiki, rashin barci, iska, sammu. Wasu za su ce tunani ne ke kawo hawan jini. Sai ka koma da kalmomin ka ce a ware maka: wanne ake kai wa malam, wanne boka, wanne likita, wanne kuma haƙuri kawai ake ba shi. "Yawan tunani" ya cancanci kulawa ta musamman. A Zimbabuwe masu jin Shona na da kalmar kufungisisa mai wannan ma'ana, kuma ta nan masu bincike suka sami ƙofar shiga maganar damuwa. Kalmomin da za ka guje wa a bakin ƙofa su ne hauka da taɓin hankali da ciwon ƙwaƙwalwa. Da zarar an ji su, maganar ta zama ta auren ƴaƴan gidan da sunan zuriya, ba wanda zai sake buɗe baki.

Ma'aunan damuwa uku aka fi amfani da su, kowanne jerin tambayoyi ne da ake ba maki. PHQ-9 tambaya 9 ce kan mako biyu da suka wuce, maki daga 0 zuwa 27, an saba yanke iyaka a 10. EPDS, wadda aka fitar a Edinbara a 1987 domin masu jego, tambaya 10 ce kan kwana 7, maki har 30. SRQ-20 ta Hukumar Lafiya ta Duniya tambaya 20 ce, amsarta e ko a'a, kan kwana 30. Ta ƙarshen ta fi sauƙin yi da baki, amma tana ɗauke da alamun jiki da yawa, ciwon kai da rawar hannu da rashin narkewar abinci, don haka a lokacin masassarar cizon sauro ko ga mai ciki maki zai hau ba don damuwa ba. Sunan ma'auni ba ya tabbatar da zai yi aiki a ko'ina: a Butajira ta ƙasar Habasha, binciken da aka buga a 2008 ya nuna EPDS ba ta yi abin kirki a karkara ba, SRQ-20 ta fi ta.

Ga yadda ake juya ma'auni zuwa Hausa. Mutum biyu su juya, kowa shi kaɗai, ɗaya ma'aikacin lafiya, ɗaya wanda ba ruwansa da asibiti amma Hausar ƙauye na bakinsa. A haɗa su, su daidaita saɓaninsu. Mutum na uku, wanda bai taɓa ganin asalin ba, ya mai da shi Faransanci, a duba inda ma'ana ta zame. Sannan a gwada da mata 10 zuwa 15 irin waɗanda za a tambaya, ba don a ba su maki ba, sai don a ce: "Inna, da na ce kaza, mi kika fahimta? Ba ni misali." Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa, shi ne kuma mai tono kurakurai.

Tambayar farko ta PHQ-9 tana magana kan raguwar jin daɗin abubuwa. Wanda ya juya ta da "sha'awa" zai ga mace ta sunkuyar da kai, don ita shimfiɗar miji ta ji. Gara a ce: abin da kika saba jin daɗinsa, zuwa biki ko hira da mata, yanzu ba ya yi miki daɗi? Tambayar gajiya tana karo da gaisuwa, domin tun mutum na yaro ya san amsar "ina gajiya" ita ce "ba gajiya". A ce: jiki ya mutu, ko ba ki yi aiki ba? Tambayar cin abinci a watan Yuli, rumbu babu komai, tana iya auna yunwa. A fayyace: ko ga tuwo a gabanki, ba ya shiga? Ta bakwai tana ba da misalin karanta jarida da kallon talabijin. A musanya da kuskuren lissafin ciniki, ko sa gishiri sau biyu a miya, a kuma bayyana musanyar a cikin rahoto. "Ciwon zuciya" kuwa a bar shi gaba ɗaya, domin wata ɓacin rai take nufi, wata kuma ciwon ƙirji.

Zaɓin amsa huɗu, daga "ko kusa" zuwa "kusan kullum", yana da wuya a riƙe shi a ka. A raba tambayar biyu. A fara da ya faru ko bai faru ba. In ya faru, a zube ƙwayar gujiya 14 a faifai, kowace ɗaya kwana guda, ta ware kwanakin da abin ya same ta. Kwana 0 zuwa 1 maki 0 ne, 2 zuwa 6 maki 1, 7 zuwa 11 maki 2, 12 zuwa 14 maki 3. Mako biyun ma a ɗaure shi da abin da ta sani, a ce daga kasuwa biyu da suka wuce zuwa yau.

Hausar da aka amince da ita a rubuta ta, mai tambaya ya karanta ta harafi da harafi. Babban laifin da ake yi a ƙasar nan shi ne a bar takarda da Faransanci, kowane mai tambaya ya juya ta da ka a gaban mace. Masu tambaya biyar, ma'auni biyar ke nan. In kuma ka samo juyin da aka yi a Najeriya, kada ka ɗauka ka huta: sai ya bi ta gwajin nan, domin Hausar Kano da aron Ingilishinta baƙuwa ce a kunnen tsohuwar Dakoro.

Iyakar maki 10 a wasu ƙasashe aka tsai da ita. In da hali, ƙwararre kan lafiyar hankali ya gana da wani kaso na matan ba tare da ya san makinsu ba, a gwada hukuncinsa da ma'aunin. In babu hali, rahoto ya ce "alamun damuwa", ya nuna yadda maki ya bazu, kada ya ce kashi kaza na da ciwo.

Tambayar asali

"Mene ne ƙabilarki?" tambaya ce mai arha, amsarta ma haka. Mafi yawa za su ce Bahaushiya, alhali a ƙarƙashin wannan akwai Katsinawan Maraɗi, da Gobirawan Tibiri, da zuriyar Arna, da Fulani da Buzayen da suka zauna har harshen kakanni ya tafi. Wata sa'a sana'ar gado ta fi ƙabila nauyi wajen wa ke auren wa: maƙera, mahauta, wanzamai, maroƙa. A gundumar Gidan Rumji kuma akwai waɗanda suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, harshe ɗaya da masu masauki, matsayi daban. Don haka a warware tambayar: wane harshe ake yi a gida, ina asalin uba da na uwa, mece ce sana'ar gidanku, shekara nawa a garin nan. Ga mace a ƙara matsayinta a gidan miji, uwargida ce ko amarya ko ita kaɗai, auren fari ne ko ta taɓa fita, tana fita ko tana kulle, tana cikin asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar nan a 1991. Waɗannan sukan bayyana damuwarta fiye da sunan ƙabila. Maganar bauta a asalin mutum ba a sa ta a takardar tambayoyi. In binciken na buƙatarta, sai a doguwar hira da wanda ya yarda, bayan an saba.

Domin sanin inda mutum ke ajiye kansa, akwai hoton tsani mai hawa 10 da Nancy Adler da abokan aikinta suka yaɗa. A nuna shi sau biyu: sau ɗaya kan abin hannu, sau ɗaya kan girman da mutanen gari ke ba mutum. Matar liman na iya zama a hawa na biyu a na farko, ta takwas a na biyu, tazarar kuma ita kanta bayani ce.

Ƙyama ba a tambayar ta gaba da gaba. A karkara ana danganta tamowa da kwanika, wato mace ta ɗauki ciki tana goyo, wannan kuma zargi ne a kan ta da mijinta. In ka ce "ana yi miki gori?" za ta ce a'a, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A ba ta gajeren labarin wata mata a wani gari, wadda ɗanta ya rame gashinsa ya yi ja, a tambaye ta: mi kishiyarta za ta ce? Maƙwabta za su sayi furarta? Za ta goya shi ta ratsa gari da rana zuwa wurin awo? Mutum ya fi sakin baki kan wani. Daga nan a matso a hankali: ke kin taɓa ganin haka? A riƙe abu uku daban a lissafi: abin da aka yi mata, abin da take tsoron a yi mata, da abin da ita ta yarda da shi game da kanta. Na biyun shi ya fi tsai da ƙafa daga zuwa likita, ko da ba wanda ya taɓa ce mata uffan.

Izini

Tsarin binciken da takardar neman yarda, Hausa da Faransanci, suna zuwa Kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya a Yamai, kuma a ba shi watanni a jadawali, kada a tsai da ranar fita daji kafin amsa. Bayan shi sai hukumar lafiya ta jiha, babban likitan gunduma, hukumomin mulki, sarki ko hakimi, mai gari, liman, mai gida. Duk waɗannan ƙofa suke buɗewa. Yardar ta mace ce ita kaɗai, kuma "mai gida ya ce in amsa" ba yarda ba ce. A karanta mata bayanin, sannan a tambaye ta abu uku: mi muka zo yi, in kin ƙi mi zai faru, wa zai ji amsarki? In ta ce in ta ƙi za a hana ɗanta biskit ɗin tamowa, ba ta gane ba, a sake bayani. Wadda ba ta rubutu ta dangwala yatsa a gaban shaidar da ita ta zaɓa. Uwaye da yawa ba su kai shekara 18 ba, don haka tsarin ya faɗi tun farko yadda za a karɓi yardarsu, kwamitin ya amince.

Mutanen nan na da tunin abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin sanƙarau, da aka gwada maganin Trovan a gwajin da ya haɗa yara kusan 200, da rigimar allurar shan inna ta 2003. Tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano labari ba ya neman biza. In binciken ba ya ɗibar jini, a faɗi haka a jimlar farko a gaban mai gari. In yana ɗiba, a nuna girman kwalbar, a faɗi inda za a kai shi da ranar da za a zubar da saura. Sannan a kashe zaton rabo, domin a nan "rubuta suna" yana nufin taimako na tafe, wadda kuma ke tsammanin taimako za ta amsa e ga kowace alama. A ce ƙarara babu rabon da ya rataya ga amsa. Sabulu ɗaya ko biyu na ban gajiya ya isa, kowa iri ɗaya, a bayar bayan an gama, ko ta tsaya a tsakiya.

Mutum nawa, kuma su wa

In ba a san yawan abin ba, a ɗauka kashi 50 cikin 100 ne. Da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba da tabbacin kashi 95, lissafin 1.96 sau 1.96 sau 0.5 sau 0.5, a raba da 0.05 sau 0.05, yana ba da 384. Amma mutanen gari ɗaya sun yi kama da juna, rijiya ɗaya, CSI ɗaya, damina ɗaya, don haka in gari-gari za a zaɓa sai a ninka biyu, 768, a ƙara kashi 10 domin masu ƙi da waɗanda ba a tarar ba, kusan 845. Gari 30, mace 29 a kowanne. Masu tambaya biyar, kowace ta yi hira 6 a yini, gari ɗaya ke nan a rana, kwana 30 na aiki, wanda da ranakun kasuwa da Jumma'a zai kai mako shida ko bakwai. Ɗalibin da ke biya daga aljihunsa ya rage fili: yankin CSI ɗaya, zaɓe kai tsaye daga jerin gidaje, kuskuren kashi 7, mata 196. Ƙaramin aiki mai tsabta ya fi babba da aka cike rabinsa a inuwar bedi.

Garuruwa ana zaɓen su gwargwadon yawan jama'a: a jera su da jimlar mutane mai hauhawa, a raba jimlar da 30, a fara daga lambar da aka ciro da ƙuri'a, a riƙa tsallakawa da wannan tazara. Alƙaluman ƙidayar 2012 sun tsufa, a gwada su da na CSI. A cikin gari kuma a bar dabarar juya alƙalami a dandali a bi inda ya nuna. Tsakiyar gari gidajen mai gari ne da zuriyar waɗanda suka sari wurin. Baƙi da matalauta da rugar Fulani da zangon Buzaye suna gefe, kuma binciken asali da ya rasa su ya rasa abin da ya fito nema. A zaga da ɗan gari a zana gidaje duka, har da tungayen da ke ƙarƙashin garin, a ba su lamba, a ciro. A fayyace ma'anar "gida" ga kowa: masu ci daga tukunya ɗaya, ba duk wanda ke bayan zaure ɗaya ba. In mata biyu sun cancanta a gida, a yi ƙuri'a a gabansu da tsinke, don kada amarya ta ce an zaɓi uwargida.

Ranar aiki

Mata su tambayi mata, kuma wadda ta yi aure ta haihu ta fi samun amsa daga mai jego fiye da budurwa ƴar jami'a. Kada ta zama ƴar garin, kada ta zama ma'aikaciyar CSI ɗin da matar ke zuwa, kada ta sa farar riga. Motar da ke da tambarin ƙungiya a bar ta nesa. Horo kwana biyar, biyu daga ciki a fili, da gwajin takarda 30 a garin da ba ya cikin zaɓe.

Wurin hira ya zama inda ana hango su amma ba a jin su, gindin icce ko bayan rumbu. Ɗaki rufe yana jawo zargi. Yaro ɗan shekara biyar ma kunne ne, zai kai magana. A tanadi tambayoyin kau da hankali kan yaye da kunu, da za a koma kansu in wani ya matso. Suruka kuwa a ba ta aikinta: ɗaya daga cikin ayari ta zauna da ita, "Iya, ke da kika ga jiya, yaya ake renon yara a da?" Ta sami girmanta, an kuma sami bayanin mai yanke shawara a gidan.

Abu uku ne ke ɓata alƙaluma ba a lura ba. Na farko kuɗi. Mutane da dala suke ƙirga, dala kuma sefa 5 ce, don haka "na kashe ɗari biyu" jikka ɗaya ce, sefa 1000. In wata mai tambaya ta rubuta 200, wata ta rubuta 1000, matsakaicin kuɗin magani ya zama tatsuniya. A garuruwan bakin iyaka kuma naira ke yawo. A yi gurbi biyu, adadi da irin kuɗi, kwamfuta ta juya. Na biyu shekaru: amsoshi za su taru a 20 da 25 da 30. A haɗa kalandar abubuwan da aka sani, yunwar 2005, tazarcen 2009, juyin mulkin 2010 da na 2023, ambaliyar 2024, a ɗaura aure da haihuwar fari a kansu. Na yaro a duba karne, wato katin lafiyarsa, in babu a bi azumi da layya da kaka. Na uku yawan haihuwa. Kunyar ɗan fari na sa uwa ta tsallake shi, wanda ya rasu ma ba a son ambatonsa. A tambaya kashi uku: na gabanki, na hannun riƙo, da waɗanda Allah ya karɓa, sannan a ce "har da babban?"

Lokacin shekara shi ma yana cikin sakamako. Azumi na canza barci da ci. Daga Agusta zuwa Oktoba masassara ta yi yawa, da damina mata na gona, gulbi kuma kan yanke hanya. A rubuta watan da aka yi aikin, kada a gwada makin Fabrairu da na Agusta kamar abu ɗaya. Yankunan iyaka na Madarumfa da Gidan Rumji a nemi labarin tsaro kowace safiya, a dawo kafin la'asar. In an sauya gari saboda tsaro a faɗa a rahoto, domin wataƙila inda aka kasa zuwa nan damuwa ta fi.

Manhajar cike tambayoyi, KoboToolbox ko ODK, na aiki a waya ba tare da intanet ba. A sa iyaka ga kowane gurbi, a bar agogon farawa da gamawa. Kowane dare mai kula ya duba: hirar minti 12 abin tuhuma ce, haka mai tambayar da matanta duka ke samun sifiri, ko duka ke samun 15. Ya koma wa kashi 10 na matan da tambayoyin da ba sa canzawa.

Tambaya ta tara

PHQ-9 na ƙarewa da tunanin mutuwa da cutar da kai, EPDS ma haka. Masu tambaya kan tsallake ta saboda nauyinta a addini. A shiga ta mataki biyu: kin taɓa jin da ma mutuwa ta ɗauke ki ki huta? Sannan: kin taɓa tunanin yi wa kanki lahani? Wanda ba shi da shirin abin da zai yi in an ce e, bai kamata ya fita daji ba. Tun kafin farawa a yi magana da babban likitan gunduma a san wa zai karɓa, a ware kuɗin kabu-kabu ko mota. In mace ta amsa, mai kula ya gan ta ranar, a ji ko ta yi niyya, ko akwai maganin ƙwari a ɗaki, a tambaye ta wa ta amince a gaya wa, a raka ta wurin manjo. Ba mijinta ne dole ba, wata sa'a shi ne sanadi. Masu tambayar su ma a zauna da su ƙarshen kowane mako, sun kwashi nauyi.

Lissafi da rubutu

A fara da duba ko tambayoyin ma'aunin na tafiya tare, alfa ta Cronbach ta kai 0.70. A gaya wa manhajar, Epi Info ce ko R ko SPSS, cewa gari-gari aka zaɓa, in ba haka ba tazarar tabbaci za ta fito siririya ta ruɗe ka. Kada a cusa dalilai 20 a lissafin da mata 60 kawai suka haura iyaka, ƙa'idar da aka saba ita ce kusan mutum 10 ga kowane dalili. In ya fito cewa matan ruga sun fi jinkirin zuwa likita, a sa nisan CSI da harshen ma'aikata a lissafi kafin a ɗora wa al'ada. Sau da yawa kilomita ce ke sanye da rigar ƙabila. Binciken lokaci ɗaya kuma ba ya faɗin wanne ya riga, damuwar uwa ko ramar yaro, kowanne na iya jawo ɗan'uwansa.

Hirarrakin da aka naɗa a kwafe su da Hausa tukuna, awa ɗaya kan ci awa biyar ko shida, a yi nazari a kan Hausar, sai guntayen da za a sa a rahoto a juya. Share suna bai isa ɓoye mutum ba: "matar wanzami, ta uku, a gari kaza" suna ne cikakke. A dunƙule bayanin, a ɓoye sunan gari. Manyan binciken jama'a da lafiya na ƙasa, wato DHS, kan gusar da alamar GPS har kilomita 2 a birni, 5 a karkara, saboda wannan dalili. Sakamako kuma a mai da shi garuruwan, kuɗin tafiyar na cikin kasafi tun farko, maza daban mata daban, da tsakuwa goma a ƙasa: cikin mata goma, ga waɗanda suka ce tunani na hana su barci. Ba a cewa gari kaza ya fi gari kaza. Takardar da ta haɗa suna da lamba tana zama a akwati mai kwaɗo, nesa da amsoshin, a hannun mutum ɗaya, a ƙone ta ranar da tsarin binciken ya ambata.